A mayar wa marubucin waƙa da kujerarsa

Masu kallon fina-finan kudancin Indiya, waɗanda masu fassara suka shigo mana da su gida-gida, sun san jarumi, wasu ma sun san makaɗi. Amma wanda ya ƙaga baitin da ake rerawa, da wuya a tambayi sunansa. Abin da ke damuna shi ne, a Chennai ma, cibiyar fina-finan Tamil, wannan mutum ya fara zama ɗan rakiya.

Da ba haka abin yake ba. Marubucin waƙa Pattukkottai Kalyanasundaram ya rasu a 1959 yana da shekara 29 kacal, amma har yau ana rera baitocinsa kan manoma da 'yan ƙwadago. Kannadasan, wanda ya rasu a 1981, ya kai matsayin da gwamnatin jihar Tamil Nadu ta naɗa shi sha'irinta. Waƙoƙin da Vaali ya rubuta wa jarumi M. G. Ramachandran suna cikin abin da ya cusa wa talakawa ƙaunarsa, har ya hau mulkin jihar a 1977.

Aikin kuma ba wasa ba ne. Darakta zai bayyana yanayin da labari ya kai, ko rabuwa ce, ko mutuwar uwa. Makaɗi zai rera karin da bakinsa, ba kalma ko ɗaya, sai gaɓoɓin da ba su da ma'ana. Marubuci ne zai nemo kalmar da za ta hau kowace gaɓa daram, doguwa a wurin doguwa, gajera a wurin gajera, ta kuma faɗi abin da jarumin ya kasa furtawa. Haka Kannadasan ya yi ta zama da makaɗi M. S. Viswanathan, haka marubuci Vairamuthu ya fara da makaɗi Ilaiyaraaja a 1980, kafin ya haɗu da makaɗi A. R. Rahman a fim ɗin Roja na 1992.

Tun da "Why This Kolaveri Di" ta karaɗe intanet a 2011, waƙar da jarumi Dhanush ya rubuta da Ingilishi gauraye da Tamil, furodusoshi suka ga hanya mai sauƙi. Yanzu jarumi ko darakta kan rubuta da kansa, a nemi amshi guda da zai dace da gajeren bidiyon rawa a waya, a sake shi tun kafin fim ya fito. Waƙar ta zama talla, labarin kuma bai san da zamanta ba.

Ni ban ƙi gauraya harshe ba, don haka matasan birni ke magana. Abin da na ƙi shi ne a ce zamani ba ya son baiti mai nauyi. Marubuciya Thamarai, wadda aka sani da guje wa kalmomin Ingilishi, matasa ne suka rungumi waƙoƙinta na soyayya tun daga fim ɗin Minnale na 2001. Na. Muthukumar, da ya rasu a 2016 yana da shekara 41, ya ci lambar yabo ta ƙasa sau biyu da harshe mai sauƙi, wanda yaro ma zai gane.

Masu sauraro ba su gaji da kalma mai kyau ba, masu kuɗin fim ne suka daina jiran ta. A kira marubuci tun ana tsara labari, a ba shi lokaci, a biya shi haƙƙinsa, a sa sunansa inda ido zai gani.