Awon Zaƙi a Kunun Zaƙi da Zoɓo: Tsakanin Harshe da Na'ura

A garuruwan Boɗinga da Shagari, waɗanda ke kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega, kunun zaƙi da zoɓo suna cikin sana'o'in da mata ke yi a cikin gida, kuma tun asali harshe ne ma'aunin da suka dogara da shi. Mai dama kunu tana jiƙa gero ko dawa, ta niƙa da citta da kanumfari da ɗanyen dankali, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, sannan ta zuba ɗanyen ƙullun da ta ware idan zafin ya sauka, ta bar shi ya kwana kafin ta tace. Sinadaran da ke cikin ɗanyen dankalin ne ke narkar da sitaci ya koma sukari, kuma ɗanɗano ne ke sanar da ita ko zaƙin ya isa ko sai ta ƙara. Wannan gwaninta ce ta gaske wadda bai kamata a raina ba, sai dai harshe yana jin zaƙin da ke nan ne kawai, ba ya faɗin adadin da ya tafi, balle abin da ya koma.

Masu haɗa giya da masu sarrafa sukari a Turai ne suka fara neman amsar wannan tambaya da lissafi. A shekarar 1843 Karl Balling ya tsara ma'aunin sukari a birnin Prague, daga baya Bajamushe Adolf Brix ya gyara lissafinsa, har aka san ma'aunin da sunansa: digiri 1 na Brix yana nufin giram 1 na sukari a cikin giram 100 na ruwan da ake aunawa. Na'urori biyu ake yin wannan awo da su: ta farko ita ce haidiromita, wato bututun gilashi mai nauyi a gindi wanda ake saki a cikin ruwa ya yi iyo; gwargwadon yawan sukari, gwargwadon nauyin ruwan da yadda zai ɗago bututun, ta yadda ruwa mai digiri 10 yake nuna kusan 1.040 idan ruwa zalla yana nuna 1.000. Ta biyu ita ce rifiraktomita, wadda Ernst Abbe ya ƙirƙira a Jena ta Jamus, kuma karkatar haske take aunawa, irin karkatar da ke sa tsinke ya zama kamar ya karye idan an tsoma shi a ruwa. Ɗigo biyu ko uku ake sawa a kan gilashinta, a rufe, a ɗaga ta wajen haske, a karanta lambar da layin inuwa ya tsaya a kai.

Amfanin waɗannan na'urori a ƙasar da aka haramta giya shi ne akasin amfanin da masu haɗa giya ke yi da su. Idan abin sha mai zaƙi ya daɗe a cikin zafi, ƙwayoyin yis suna cin sukarin, suna mayar da kusan rabinsa barasa, rabi kuma iskar da ke kumbura gorar roba har ta yi ƙara idan an buɗe. Barasa ba ta kai ruwa nauyi ba, amma ta fi shi karkatar da haske, saboda haka haidiromita tana sauka da sauri yayin da rifiraktomita ke nuna sukari fiye da wanda ya rage. Mai haɗa giya yana ɗaukar wannan saɓani a matsayin matsala da zai gyara da lissafi, alhali ga wanda yake son tabbatar da halaccin abin shansa, saɓanin shi ne shaidar da yake nema: muddin na'urorin biyu sun yi daidai, zoɓon yana nan yadda aka haɗa shi, idan kuwa suka fara rabuwa, to ya fara juyawa. A mazhabar Malikiyya, wadda malaman Boɗinga ke karantarwa tun zamanin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, maye ne illar haramci, tsami kuwa shi kaɗai ba ya haramta abu, don haka bambance su biyun ba ƙaramin al'amari ba ne, musamman a azumin da ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ƙanƙara ke wahalar samu.

Duk da haka na'urorin suna da iyakarsu, kuma a kan kunu iyakar ta fi fitowa fili. Kunu yana da kauri da garin hatsi da bai narke ba, wanda ke ɗago haidiromita fiye da kima, ya kuma dusar da layin rifiraktomita, sai an bar shi ya kwanta an ɗebi ruwan sama. Tsaminsa na farko ma aikin bakteriya ne irin masu tsamar da nono, waɗanda ba sa sauya nauyin ruwa sosai, don haka a wannan mataki hancin mai damawa ya fi gilashi saurin ganewa. Sannan galibin haidiromita an daidaita su ne a kan zafin digiri 20, ruwan da ya ɗumama a ranar Sakkwato kuwa zai nuna ƙasa da gaskiya, sai an sanyaya shi a randa ko an yi gyara da jadawalin da ke zuwa tare da na'urar.