Wakanda: Gwanintar Gina Ƙasar da Ba Ta Cikin Taswira

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Afirka ya bi ta da yatsa daga Dakar har Jibuti, ba zai ci karo da ƙasa mai suna Wakanda ba. Amma akwai miliyoyin mutane a duniya da za su iya faɗa maka ƙabilar da ke gadin iyakarta, da yadda ake naɗa sarkinta, da mutanen da suka ƙi yi masa mubaya'a suka haye duwatsu. Ka sa mutum ya san ƙasar da ba a taɓa yi ba kamar ya taɓa kwana a cikinta, wannan fasaha ce mai zaman kanta, dabam da iya jera labari. Waɗanda suka gina Wakanda sun iya ta iyawar da ta isa a tsaya a dube ta da kyau.

Sunan ƙasar ya fara bayyana ne a watan Yulin 1966, a fitowa ta 52 ta mujallar labarai masu zane ta Fantastic Four, daga hannun Stan Lee da Jack Kirby na kamfanin Marvel a Amurka. A lokacin ba ta wuce ɓoyayyen daji mai na'urori ba. Marubutan da suka biyo baya ne suka riƙa ɗora tubali a kan tubali. Daga 1973 Don McGregor ya mayar da labarin cikin ƙasar kanta, ya ba ta ƙauyuka da 'yan tawaye. A 1998 Christopher Priest ya kawo rundunar matan da ke tsaron sarki, Dora Milaje. A 2016 Ta-Nehisi Coates ya fito da sabuwar taswira mai ɗauke da birane, ciki har da Birnin Zana, fadar ƙasar. Sai fim ɗin Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni, ya tattara duka ya mai da su abin da ido ke gani.

Wadda ta ɗauki nauyin tsara wurare da gine-ginen fim ɗin, Hannah Beachler, ba ta fara da zanen fada ba. Sai da ta je Afirka ta Kudu ta ga duwatsu da kwazazzabai da gidajen mutane da idonta, sannan ta zauna ta haɗa kundi mai shafi fiye da 500 a kan ƙasar: asalin kowace ƙabila, inda take zaune, abin da take ci da shi, yadda unguwannin birni suka tsiro. Fim ɗin kansa minti 134 ne, don haka mafi yawan abin da ke cikin kundin bai fito a allo ba. Amma shi ya sa duk abin da ya fito yake tsaye da ƙafafunsa. Mai ɗinkin sutura da mai gina ɗaki da ɗan wasa, kowa daga rijiya ɗaya yake ɗiba.

Sirrin aikin shi ne komai yana da dalili, dalilan kuma a sarƙe suke da juna. Yanayin ƙasa ya haifi tarihi, tarihi ya raba wa mutane matsayi, matsayin kuma ya haifi rigimar da ta zama labari.

A fara da yanayin ƙasa. Duk mai son ƙirƙiro ƙasar da ta keɓe kanta, tambayar farko da ke jiransa ita ce: me ya hana baƙo shiga? Wakanda tana gabashin Afirka, ba ta da gaɓar teku, duwatsu da kurmi sun kewaye ta. Wannan ba shaci-faɗi ba ne, domin akwai misalinsa a zahiri. Coogler ya ziyarci Lesoto, ƙasar da Afirka ta Kudu ta kewaye ta ta ko'ina, wadda babu wani yanki nata da bai haura mita 1,000 sama da teku ba. A can ne Sarki Moshoeshoe na Ɗaya ya kafa sansaninsa a kan dutsen Thaba Bosiu a 1824, dutsen da ya gagari mahara. Sai dai duwatsu kaɗai ba su hana Turawa mulkin mallaka ba, Lesoton ma ta shiga ƙarƙashin Ingila a 1868. Saboda haka maginan Wakanda suka ƙara abu guda: wani dutse da ya faɗo daga sararin samaniya tun zamanin da, ɗauke da ƙarfen bibraniyom mai haɗiye duk wani bugu da girgiza. Da shi ƙasar ta sami abin ɓoyewa, da shi kuma ta sami ƙarfin ɓoye shi. Abin burgewa a nan shi ne kamun kai. Abin al'ajabi ɗaya tak aka roƙi mai kallo ya yarda da shi. Jirgin ƙasan da ke shawagi a kan maganaɗisu, da maganin da ke warkar da harbin bindiga a kwana ɗaya, da furen da ke ba sarki ƙarfi, duk daga ƙarfen nan suka fito. Sauran al'amura kuwa, halin ɗan Adam ne da kowa ya sani: kwaɗayi, tsoro, kishi, biyayya.

Daga nan sai matsayi. Labarin asali ya ce ƙabilu biyar ne suka yi ta yaƙi a kan ƙarfen, har wani jarumi mai suna Bashenga ya ci furen ya zama Baƙar Damisa ta farko, wato Black Panther. Ƙabilu huɗu suka bi shi, Jabari suka ƙi, suka tafi duwatsu masu dusar ƙanƙara. A zamanin da fim ɗin ya nuna, gidan sarauta yana sama, majalisar dattawa tana kewaye da karaga, kuma kowace ƙabila aikinta ne ya ba ta kujera: masu haƙar ma'adini, 'yan kasuwa, mutanen kogi, masu gadin iyaka. Wanda ya san yadda sana'a ke da rawani a fadojinmu, Sarkin Maƙera da Sarkin Ruwa da Sarkin Kasuwa, kowa da jama'arsa da ranar da ake jin maganarsa, zai gane tsarin tun kafin a yi masa bayani.

Ruth E. Carter, mai tsara sutura, ita ta sa ake karanta wannan matsayi a jikin mutane. Ta ba mutanen kogi kore, dattijonsu kuma da faifai a leɓe irin na Mursi na Habasha. Ta ba masu haƙa ja, da kitso mai jan yumɓu irin na matan Himba na Namibiya. 'Yan kasuwa ta ɗauko musu shiga daga Buzaye, rawani da amawali da launin baba, zaɓin da ya dace da mutanen da fatauci ya zame musu gado. Dora Milaje suka sami zobban wuya irin na Ndebele da ja irin na Masai, uwar sarki kuma ta ɗora faffaɗar hular matan auren Zulu. Idan jama'a suka taru, ba sai an gabatar da kowa ba. Kallo ɗaya ya isa ka san daga inda mutum ya fito da abin da yake yi wa ƙasa.

Dubi masu gadin iyaka da kyau, domin a kansu gwanintar ta fi fitowa. Baƙon da ya iso bakin Wakanda, abin da zai gani makiyaya ne a kan tudu, da bukkoki, da dabbobi, kowane mutum lulluɓe da bargo mai kauri irin na mutanen Lesoto. Zai juya ya ba da labarin wata matalauciyar ƙasa ta manoma da makiyaya, abin da Wakanda ke so duniya ta ɗauka ke nan. Ranar yaƙi kuwa, mayaƙi zai ware bargon nan a gabansa ya zama garkuwa mai walƙiya, su jeru kafaɗa da kafaɗa su zama katanga, karkandan da ake kiwo a bayan gari kuma su fito cikin sulke. Bargo ɗaya ya yi aiki uku: ya tare sanyin tudu, ya rufe asirin ƙasa, ya tare makami. Yanayi da siyasa da yaƙi sun haɗu a cikin tufa guda.

Haka ranar naɗin sarki. Jama'a na tsaye hawa-hawa a jikin dutse, a bakin wata magangarar ruwa, kowace ƙabila a rukuninta. Zuri, mai kula da al'adun gidan sarauta, ya ba T'Challa, wanda za a naɗa, wani ruwa ya sha, ƙarfin damisa ya fita daga jikinsa, ya koma mutum kamar kowa. Sannan aka bi ƙabilu ɗaya bayan ɗaya ana tambaya ko akwai mai ja. Huɗu suka ce ba su ja. Sai ga Jabari sun fito daga kogo, jikinsu da farar ƙasa, shugabansu M'Baku sanye da fuskar goggon biri, ya zo da ƙorafinsa: an damƙa fasahar ƙasa a hannun yarinyar da ba ta girmama al'ada. A cikin 'yan mintoci mai kallo ya koyi tsarin mulkin ƙasar gaba ɗaya. Sarauta gado ce, amma sai an kare ta da jiki. Ƙabilu suna da bakin magana. Waɗanda suka ware ma ba su rasa haƙƙinsu ba. Babu wanda ya tsaya ya karanta doka, an ga dokar tana aiki.

Saura tarihi, kuma a nan ne maginan suka nuna zurfin tunani. Ƙasar da komai nata daidai ne ba ta da labari. Dole a tambaya: wa ya biya kuɗin wannan zaman lafiya? Wakanda tana ji tana gani aka yi cinikin bayi, aka raba Afirka, ta yi shiru don kada asirinta ya tonu. Tana da 'yan leƙen asiri a ko'ina, masu ɓoyayyen tambari a cikin leɓe, har farkon fim ɗin ya nuna ɗaya daga cikinsu, Nakia, a dajin Sambisa cikin matan da aka sace. Sanin halin da duniya ke ciki bai sa ƙofa ta buɗu ba. A 1992, a birnin Oakland na Amurka, Sarki T'Chaka, mahaifin T'Challa, ya kashe ƙaninsa N'Jobu, wanda ya haɗa baki da ɓarawon bibraniyom don ya ba baƙaƙen fata makamai, kuma ya bar ɗan marigayin a can don a binne maganar. Yaron nan shi ne Killmonger.

Lura da yadda kowane abu da aka shuka tun farko ya ba da 'ya'ya. Killmonger jinin sarauta ne, don haka doka ta ba shi damar ja da sarki, majalisa ba ta da ikon hana shi. W'Kabi, shugaban masu gadin iyaka, a harin ɓarawon nan aka kashe iyayensa, domin mutanen iyaka su ne ke karɓar bugun farko yayin da na birni ke barci. Da Killmonger ya zo masa da gawar ɓarawon, sai ya bi shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuma tun a taswira aka zana ta. Okoye, shugabar Dora Milaje, ga karaga ta yi rantsuwa, ko wane ne a kai, shi ya sa da Killmonger ya kayar da T'Challa ya hau karaga, ta tsaya tana hawaye ba ta gudu ba. Jabari kuwa, da yake suna wajen tsarin, su kaɗai sabon sarki bai iya juya su ba, kuma a hannunsu T'Challa ya tsira. A ƙarshe aka ga M'Baku a zauren majalisa. An gyara tsarin ƙasa saboda abin da ya faru, kamar yadda tarihi na gaske ke yi.

Kunne ma an ba shi rabonsa. Harshen fada Xhosa ne na Afirka ta Kudu, wanda John Kani, mai fitowa a matsayin T'Chaka, ya shigo da shi. Lafazin M'Baku ya karkata ga na Ibo, don a ji a bakinsa cewa mutanensa sun daɗe a ware. Rubutun da ke jikin bango an samo shi daga Nsibidi, tsoffin alamomin kudu maso gabashin Najeriya. Mai kiɗan fim ɗin, Ludwig Göransson, ya tafi Senegal ya bi mawaƙi Baaba Maal, ya dawo da muryarsa da sautin tama, ƙaramin kalangun can, wanda ke kiran sunan sarki duk lokacin da ya bayyana.

Duniya ta yaba. Fim ɗin ya tara fiye da dala biliyan 1.3, kuma a 2019 ya ci lambobin Oscar uku: na sutura, na tsara wurare, da na kiɗa. Carter da Beachler su ne baƙaƙen fata na farko da suka ci lambar a fannoninsu. Kuɗi ya taimaka, babu musu, amma ginshiƙin aikin takarda ne da alƙalami da haƙurin yin tambaya.

Wannan kuwa yana hannun duk marubucin littafin yaƙi da duk mai shirya fim a Kano ko Jos ko Maraɗi. Kafin ka kawo sarki da gimbiya da takobi, zauna ka zana ƙasar. Ina ruwanta yake? Me take sayarwa? Wa ke zaɓen sarki, wa ke iya tuɓe shi? Wace zuriya aka zalunta shekaru ɗari da suka wuce, kuma ina jikokinta suke yau? Muna da ganuwa da ƙofofi, da hanyoyin fatake, da sarautun fada, da tatsuniyoyin da kakanni suka bar mana. Marubutanmu su ba wannan aiki lokacinsa, su gina ƙasar tukuna, sannan su saki jarumi a cikinta.