Faifan Fela na Los Angeles

Duk mai sauraron rediyo a Birnin Kebbi ko Argungu ba ya rasa jin sunan Fela Kuti, makaɗin nan ɗan Abeokuta wanda ya rasu a 1997. Amma galibi abin da a ke ji nasa na bayan ya shahara ne. Akwai wani faifai da ya kamata mai son kiɗi ya nema, watau waƙoƙi 10 da ya ɗauka a Los Angeles ta ƙasar Amurka tun duniya ba ta san shi ba.

A 1969 ya kwashi 'yan kiɗinsa, waɗanda a ke kira Koola Lobitos, suka tafi Amurka neman kasuwa. Suka yi wajen wata 10 suna fama da rashi, ga shi ba su da takardar iznin aiki. Can suka sake suna, suka zama Nigeria 70. Da hukuma ta soma bin sawunsu, sai suka ɗauki waƙoƙin nan a gaggauce, suka komo Ikko. Ba a tara su a faifai guda an sayar ba sai bayan shekara fiye da 20.

Kiɗin da ke tashe a zamanin nan shi ne na baƙaƙen Amurka, wanda su ke kira sol da fank, sarkinsa kuwa James Brown. To, wanda ya kasa kunne zai ji Fela sanye da rigar aro. Masu ƙaho suna busa gajejjeriya a tare, mai jita yana nanata abu guda, duk irin na James Brown. Amma fa gangar ba ta aro ba ce. Tony Allen, mai ganguna, ba ya dukan wuri guda kamar soja na maci. Hannuwansa da ƙafafunsa kowanne da tasa maganar, sai ka ce makaɗa huɗu ne. Wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ran kamun kifi, ya ji makaɗan cikin jirage suna amsa wa juna, zai gane abin nan da nan. A waƙar My Lady Frustration aka fi jin haka, ita ce kuwa a ke lissafawa mafarin kiɗin da ya sa wa suna Afrobit. A ganina ita kaɗai ta isa kuɗin faifan.

Aibinsa shi ne gajarta. Yawancin waƙoƙin ba su kai minti 5 ba. Mu kuwa mun san kiɗi sai ya daɗe kana ya nuna, ko a filin kokawa ba a tashin ɗan wasa da bugu biyu. A nan, da zarar ganga ta fara zafi sai a yanke. Daga baya ne Fela ya riƙa barin waƙa guda ta cika fuskar faifai.

Sai kuma Viva Nigeria, wadda ya yi ana tsakiyar yaƙin basasa, yana kiran zaman lafiya da haɗin kai. Manufar ba ta da laifi, amma waƙar ba ta da gishiri, jawabi ne kurum aka ɗora bisa kiɗi, irin wanda gwamnatin soja ta lokacin za ta so ji. Mai jin ta ba zai zaci bakin nan ne zai zo ya addabi soja ba, har su ƙone masa gida a 1977.