Tsohuwa a Finafinan Hausa: Gadon Tatsuniya da Aka Karɓi Rabinsa

Tun bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da *Turmin Danya* a Kano a 1990, finafinan Hausa suka bazu har Maiduguri. Manazarta sun fi karkata ga waƙa da rawa da soyayya, ba kasafai ake waiwayar tsohuwa ba. Wannan maƙala tana ganin cewa daga tatsuniya fim ya gaji tsohuwarsa, sai dai rabin gadon kawai ya karɓa.

A tatsuniya fuska biyu gare ta. Akwai makira mai kai gulma fada, akwai kuma ta bakin rafi wadda ke jarraba ladabin yarinya, sa'annan ta saka mata da alheri. Ta biyun ita ce ma'ajin sani da hukunci. Masu tsara labarin fim sun rungumi ta farkon: uwar miji mai tsanar matar ɗanta, ko uwar kishiya mai zarya gidan boka. Marigayiya Saratu Gidado (Daso), wadda ta rasu a Afrilun 2024, ta ƙware a wannan gurbi har wasu 'yan kallo suka ɗauka halinta ke nan. Gwanintar tata ba abin musu ba ce. Ƙuncin gurbin ne abin suka. Ko uwa tagari, irin wadda Hajara Usman kan fito, aikinta bai cika wuce nasiha da kuka da sa albarka ba. Ba ita ke ɗauke da jigo ba, rakiya take yi wa labarin matasa.

Wannan ragi ya fi fitowa fili ga mai kallo a Barno, inda Magira, mahaifiyar Mai, take da faɗa a ji a daula, har Aisa Kili ta riƙe mulki a ƙarni na 16 kafin Idris Alauma. Ƙasar Hausa ma tana da Innar Gobir, da jajojin da Nana Asma'u ta ɗora bisa 'yan taru. Da wuya a ga mai irin wannan iko a fim.

Gurbi kuwa shi ke yanke lada. A hirarta da BBC Hausa a 2022, Ladin Cima ta ce abin da ake sallamarta da shi bai wuce 'yan dubban nairori ba. Wasu masu shirya fim sun musanta, aka yi ta jayayya a kan adadi, aka tsallake tushen zancen: yawanci da yawan fitowa ake auna biya, marubuci kuwa fitowa biyu ko uku yake tanadar wa tsohuwa.