Linux ta sallami DECnet: shin wa ake tambaya kafin a toshe tsohuwar ƙofa?

Idan akwai wayar salula samfurin Android a aljihunka yanzu haka, ko kana Nima a birnin Accra, ko Jidda, ko kuma kana tuƙa tasi a London, to kana ɗauke da Linux ko da ba ka taɓa jin sunanta ba. Linux ita ce babbar manhajar nan da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991, ya kuma bar ta a buɗe, kowa na iya karanta rubutunta, ya gyara, ya raba. Zuciyarta, wadda masana ke kira kanel, ita ce a ƙarƙashin Android, ita ce kuma ke tafiyar da akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet.

A watan Disamban 2022 aka fito da Linux mai lamba 6.1, kuma a cikinta an share layukan rubutu kusan dubu 12 na wata ƙa'idar sadarwa da ake kira DECnet. To mece ce ƙa'idar sadarwa? Yare ne kawai, wato yarjejeniyar da kwamfutoci biyu ke bi kafin su fahimci juna: wa zai fara sallama, yaya za a gutsuttsura saƙo, me za a yi idan wani yanki ya ɓace a hanya. A yau kusan duniya duka ta taru a kan yare guda, TCP/IP, yaren intanet. Amma a da kowane babban kamfani da nasa. Novell na da IPX, Apple na da AppleTalk, shi kuma kamfanin Digital Equipment Corporation na Amurka ya fito da DECnet a 1975 domin kwamfutocinsa su yi hira da juna. Jami'o'i da ɗakunan bincike da yawa sun rayu a kanta shekara da shekaru. Daga baya Compaq ya saye Digital a 1998, shi ma Compaq ɗin HP ya haɗiye shi a 2002. Mai yaren ya mutu, yaren ya saura.

A cikin Linux akwai wani kundi da ke nuna sunan mai kula da kowane sashe. Sashen da ba shi da mai kula, kalmar da suke rubuta masa ita ce maraya, kuma tun 2010 DECnet ta zama marainiya. Sai da ta yi shekara 12 a haka kafin wani daɗaɗɗen injiniyan sashen sadarwa, Stephen Hemminger, ya kawo shawarar a cire ta a watan Agustan 2022.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, ni dai ina ganin sun yi daidai, har ma sun makara. Na san akwai mai cewa to ina ruwan wani da tsohon rubutu, ai ba ya cin tuwo, a bar shi mana ya zauna. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba. Ka ɗauka gida ne babba mai ƙofofi da yawa, akwai wata ta baya da babu mai bi, sakatarta ta yi tsatsa, mai gadin da ya san ta ya bar aiki tuntuni. Ɓarawo ba ta ƙofar zaure yake zuwa ba. Kuma an gani a zahiri. A 2010 aka gano ramuka a cikin Econet, wata ƙa'ida ta kamfanin Acorn na Ingila da aka yi amfani da ita a makarantun ƙasar a shekarun 1980. Abin mamakin shi ne, a wasu nau'o'in Linux irin su Ubuntu, ko mai kwamfuta bai taɓa jin sunan Econet ba, da zarar wata 'yar manhaja ta nemi a buɗe mata wannan yare, sai kanel ta ɗauko shi da kanta ta loda. Ta nan ne mutumin da aka ba shi ɗan ƙaramin izini a kan na'ura zai iya haɗa wannan rami da wasu ya zama mai gida gaba ɗaya. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An cire Econet a 2012, shekarar da aka sallami Token Ring.

Haka aka sake yi da DCCP, wadda ita ba ma tsohuwa ba ce sosai, a 2006 aka kammala tsara ta, sai dai ba ta yi kasuwa ba. A 2017 wani mai bincike, Andrey Konovalov, ya tono wani rami a cikinta da ya fi shekara 10 yana nan babu wanda ya lura. Daɗin daɗawa, duk lokacin da injiniyoyi za su sauya wani abu a tsakiyar sashen sadarwa, dole su bi waɗannan tsofaffin ɗakuna su gyara su ma, alhali ba su da na'urar da za su gwada ko gyaran ya yi. Aikin banza ke nan, ga kuma haɗari.

To ina sukar take? Sukata a kan ma'aunin da ake amfani da shi ne. Yadda aka saba, injiniya zai sanar cewa zai cire abu kaza, idan akwai mai amfani da shi ya yi magana. A jira makonni ko watanni, idan an ji shiru sai a ce babu kowa. Malamanmu na fiƙihu kan ce shirun budurwa idan an nemi izininta yarda ce, amma fa sharaɗin shi ne an tambaye ta, ta kuma ji. A nan kuwa a dandalin injiniyoyi ake yin tambayar, da Turanci, cikin yaren da ko Baturen da ba aikinsa ba ne ba zai gane ba. Waɗanda ke zaune a wurin galibi ma'aikatan manyan kamfanoni ne, na'urorin da ke kan teburinsu sababbi ne. Tsofaffin kuwa ina suke tafiya? Kai da kake saurarona a Turai ko Amurka ka fi ni sani, don kai ne kake zuba tsohuwar wayarka da tsohuwar kwamfutarka a jaka idan za ka gida, ko ka ba mai tafiya ya kai wa ƙane. Abin da ya tsufa a California, a Kumasi ko Zinder yanzu ya fara aiki.

A batun DECnet wannan ma'auni bai cuci kowa sosai ba. Masu amfani da ita 'yan tsiraru ne, da yawansu masu sha'awar tsofaffin na'urori da suka haɗa hanyarsu ta kansu mai suna HECnet, mutanen da sun san yadda za su yi da kansu. Haka ma IrDA, wato sadarwar nan ta jan haske da wasunmu za su tuna, lokacin da ake kara wayoyi biyu baki da baki a riƙe numfashi har waƙa ta gama wucewa. An ajiye ta gefe a 2017, aka cire ta a 2018, shekarar da IPX ma ta tafi, ban kuma ji wanda ya yi zaman makoki ba.

Inda ma'aunin ya kusa yin ɓarna shi ne a watan Nuwamban 2022. Greg Kroah-Hartman, wanda yana cikin manya-manyan masu faɗa a ji a Linux, ya kawo shawarar a kashe RNDIS, wata ƙa'ida ta Microsoft mai sa igiyar USB ta zama hanyar intanet. Hujjarsa ita ce tun daga tsarinta ba ta da tsaro idan aka jona na'urar da ba a amince da ita ba, kuma a kan wannan ban ga abin musu ba. Amma sai ya ƙara da cewa ai Android ta daɗe da daina amfani da ita. Nan take aka yi masa ca, har da injiniya daga cikin Google, aka nuna masa cewa ɗimbin wayoyin Android da ke hannun jama'a da wannan ƙa'ida suke ba kwamfuta intanet ta igiya, sababbi ƙalilan ne suka koma wata mai suna NCM. Ka yi tunanin ɗalibin da ba shi da wayfai a ɗaki, datar wayarsa ce kaɗai hanyarsa, ya sabunta kwamfuta da dare, gari ya waye ta daina ganin wayar. Shawarar ba ta shiga ba a wancan karo, an kuma sake taso da ita a 2023. Amma ka lura da abin da ya cece shi: an yi sa'a akwai waɗanda suka sani a cikin ɗakin. Mutumin da ya fi kusan kowa sanin Linux ya yi kuskure a kan abin da ke aljihun miliyoyin mutane, don kawai ba irin wayarsu yake gani a kusa da shi ba.

Da aka zo kan DCCP an ɗan gyara salo. A 2023 aka sa kanel ta riƙa fitar da gargaɗi idan wata manhaja ta buɗe wannan ƙa'ida, cewa za a cire ta a 2025, mai buƙata ya yi magana. Aka kuwa cire ta a 2025, a Linux 6.16. Wa'adin shekara 2 da rana sananniya, wannan ya fi shiru nesa ba kusa ba. Sai dai gargaɗin a kundin bayanan kanel yake faɗawa, inda mai kula da manyan kwamfutoci ke dubawa, ba kan allon mai amfani ba.

Kuma kada mu ɗora wa injiniyoyin laifin duka. Kamfanonin da suka sayar da wayoyi da ƙananan modem masu RNDIS sun ci kuɗinsu, to me ya hana su biya mutum ɗaya ya tsaya a kan ƙa'idar, ko su tura wa tsofaffin wayoyin sabuntawa? Mu ma da namu. Jami'o'inmu a Kano, Yamai da Accra suna yaye masu ilmin kwamfuta kowace shekara, kuma ƙofar Linux ba a biyan kuɗin shiga. Saƙo guda da ke cewa ga samfurin na'urata, ga aikin da nake yi da ita, na kuma gwada gyaranku ya yi ko bai yi ba, yana da nauyi a wurin mutanen nan, domin ƙa'idarsu ce tun daga Torvalds cewa ba a karya abin da ake da shaidar wani na amfani da shi. Lasisin Linux ma ya ba kowa damar ɗauko rubutun DECnet daga tarihin manhajar ya ci gaba da kiwonsa a gidansa, da sharaɗin idan rami ya ɓulla shi zai toshe.

Idan kana amfani da Linux kuma da igiya kake ɗaukar intanet daga wayarka, jona ta yau, ka buɗe tagar umarni ka rubuta lsmod. Idan ka ga rndis_host a cikin jerin, to da kai ake wannan muhawara. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.