CERMES da sanƙarau: ina rabon Damagaram?

Tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ƙungiyar OCCGE ta kafa CERMES a Yamai don binciken sanƙarau da tsargiya, ilimin da Nijar take da shi game da sanƙarau kusan duka ta ƙofar wannan cibiya yake bi. A 2002 ta koma hannun gwamnati, daga baya ta shiga sahun cibiyoyin Institut Pasteur. Aikinta ba abin rainawa ba ne. Ita ta shigo da gwajin PCR cikin sa ido kan cutar, wanda ke gane ƙwayar cuta ko da ta mutu a hanya saboda zafi, abin da ya sa ruwan ƙashin baya da aka ɗebo a Magarya ya zama mai amfani a Yamai. Tare da Pasteur kuma ta ƙirƙiro ƴar tsinken gwaji da ma'aikacin asibitin karkara zai iya aiki da ita.

Sai dai a nan ne muke da ja. Wannan dabara ta sauƙaƙa tura samfur zuwa babban birni, ba ta sa an ga tilascin gina gwaninta a inda cutar take ba. Tsakanin Zinder da Yamai wajen kilomita 900 ne. Samfur ya tafi, sakamako ya dawo, amma injin da gwanin da rubutun da za a buga a mujalla suna can bakin kogi.

A dubi annobar Nuwamba 2022 zuwa Janairun 2023. Hukumar OMS ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jahar Zinder, 18 suka rasu, mafi yawa a Dungas. Nau'in C ne, wanda allurar MenAfriVac ta 2010 ba ta tarewa, don nau'in A aka yi ta. Cutar ta ɓulla kuma a Jigawa, ƙetaren iyaka, inda kasuwa da auratayya suka haɗa mutane tun zamanin sarakunan Damagaram. Mai binciken da ke zaune a Zinder ya fi kowa damar bin wannan sawu.

Ga babban asibitin ƙasa a Zinder, ga Jami'ar André Salifou da sashenta na koyon likitanci. A ganinmu, kuɗin jama'a da ake zubawa a CERMES ya wajabta mata buɗe reshe mai kayan aiki a tsakanin waɗannan biyu, inda ɗaliban Damagaram za su riƙa gwajin da hannunsu.