Tallan Sari-Ka-Noƙe

Wani dare a fadarmu, ana jiran shayi na biyu, wani abokinmu ya miƙo waya ya ce mu kalli wani tsohon bidiyo. Samari biyu ne sun fito daga kotu, ɗaya da dogon gashi a murɗe, ƴan jarida sun yi musu ca. Ana tambayarsu kan tuhumar da ake yi musu, su kuwa suka ce ba za su amsa komai ba sai tambayar da ta shafi yayin gyaran gashi na shekarun 1970. Muka yi ta dariya har shayi ya kusa ƙonewa. Ni ma na yi. Mutum ɗaya ne bai yi ba, wani ɗan ajinmu da ya taso a Diffa. Shirunsa ne ya sa na koma na bi labarin daga tushe, kuma abin da na gani ya rage mini dariyar ƙwarai.

Ga yadda aka yi. A farkon shekarar 2007 tashar Cartoon Network, wadda a lokacin take ƙarƙashin kamfanin Turner Broadcasting, tana shirin fitar da fim na wani wasan zane na manya mai suna Aqua Teen Hunger Force. Sai ta ba wani kamfanin talla, Interference, kwangilar jawo hankalin matasa. Dabarar ita ce a maƙala wasu ƙananan alluna masu ƙyalli a birane goma, har da Niyok, Shikago, Los Anjalas da Boston. Kowane allo yana da ƙananan fitilu, wayoyi a fili, pil huɗu irin manyan nan na tocila, da maganaɗisu na liƙawa jikin ƙarfe. Idan dare ya yi sai fitilun su zana wani ɗan dodo na wasan yana ɗaga ɗan yatsan tsakiya, wato daƙuwar Amurkawa. Babu sunan kamfani, babu lambar waya, babu izinin hukuma. Irin wannan talla wani marubuci, Jay Conrad Levinson, ya raɗa mata suna a littafinsa na 1984, kuma daga yaƙin sari-ka-noƙe ya aro sunan.

Allunan sun yi kwanaki a rataye ba wanda ya kula. Ran 31 ga Janairu 2007, wajen ƙarfe takwas na safe, aka hango ɗaya a tashar Sullivan Square ta Boston, liƙe da ƙarfen da ke tallafe da babbar hanyar mota. Da rana fitilun a kashe suke, abin da ido ke gani kawai wayoyi da pil a ƙarƙashin gada. Aka kira masu kwance bam, suka tarwatsa shi. Sai kira ya yi ta shigowa daga wasu wuraren. Aka rufe hanyoyi da gadoji, aka tsai da jiragen ƙasa, har zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Charles aka dakatar.

Yawancin masu ba da labarin nan, musamman matasa a intanet, a nan suke tsayawa su yi wa Boston tsiya: manyan mutane da kaki sun tsorata da abin wasan yara. Kuma suna da abin kamawa. Sauran birane tara ba su tashi hankalinsu ba. Wanda zai dasa bam ba zai sa masa fitila ya ce ku gan ni ba. Bayan an fasa na farko an ga babu komai ciki, ya kamata kai ya ɗan yi sanyi. Har ila yau hukumomi sun dinga kiran allunan "bam na ƙarya", alhali wanda ya rataye su bai taɓa nufin a ɗauke su bam ba. Duk wannan na yarda da shi.

Amma fa a tuna daga filin jirgin Logan na Boston ne jirage biyun da suka daki dogayen benayen Niyok suka tashi ran 11 ga Satumba 2001. Shekara biyar da ƴan watanni ke nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ɗan Diffan nan abin da ya ce da ni daga baya ke nan: tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jiharsu a Fabrairun 2015, har aka hana hawan moto, buhun da aka manta a bakin kasuwa ya daina zama buhu. Ya ce wanda bai taɓa gudu saboda leda ba shi ne ke da bakin dariya.

To ni inda na fi zargi ba kan ɗan sandan da ya tsorata ba ne. Kan kamfanin da ya san gaskiya ya yi gum ne. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa tun da tsakar rana kamfanin tallan ya gane allunansa ne ake nunawa a tele, kuma ɗaya daga samarin ya rubuta wa abokansa cewa an ce masa ya ja bakinsa ya yi shiru. Sai bayan ƙarfe huɗu na yamma Turner ya fito ya ce kayansa ne. Ku lissafa awannin da mutane suka yi a maƙale cikin motoci, da iyayen da ke ta bugun waya suna neman ƴaƴansu. Kira ɗaya zuwa ga ƴan sanda ya isa ya kashe wutar. Abin da ya fi ba ni haushi ma, tashar CNN da ke watsa tashin hankalin kai tsaye, ita ma a lokacin ta Turner ce. Gida ɗaya ne ya rataye dodon, ya kuma ɗauki hoton masu gudu.

Shirun nan kuwa cikin dabarar yake tun farko. Tallan da muka saba da ita, ta mai goro ko ta allon bakin titi, tana zuwa da fuskarta: ga ni, ga hajata, ka saya ko ka wuce. Ita wannan ƙarfinta duk yana cikin ɓoye mai ita. So ake ka ga abu ka rasa gane shi, ka tambayi na kusa da kai, magana ta yaɗu. Wato ruɗewarka ce jarin. Matsalar ita ce kamfani ba shi ke zaɓar wanda zai ruɗe ba. Ɗan jami'a mai kallon wasan da tsakar dare zai gani ya yi murmushi. Ma'aikacin tasha ɗan shekara hamsin da aka horar da shi cewa in ya ga abin da bai gane ba ya kai rahoto, shi kuma zai yi aikinsa. Kamfanin ya tsara tallarsa don mutum na farko, ya ajiye ta a hanyar na biyu.

Kuma ba za su ce ba a taɓa yi ba. Wata tara kafin nan, a Afrilun 2006, kamfanin Paramount ya sa ƴan na'urori masu kiɗa cikin akwatunan sayar da jaridar Los Angeles Times kusan 4,500, don tallan fim ɗin Mission: Impossible III. Mutane suka ga jan akwati da wayoyi, aka kira hukuma, masu kwance bam suka tarwatsa ɗaya, har aka kwashe mutane daga wani asibitin tsoffin sojoji. Duk mai sana'ar talla a Amurka ya ji wannan labari.

Sai batun biyan diyya, wanda ake nunawa a matsayin shaidar cewa kamfani ya ɗauki alhakin kansa. Turner da Interference sun amince su biya dala miliyan 2, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Rabi na mayar da kuɗin da hukumomi suka kashe, rabi na ayyukan tsaro. A canjin lokacin ya kai wajen miliyar ɗaya na sefa. Da jin haka sai ka ce sun ji jiki. Amma kwana huɗu bayan abin aka buga wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, Super Bowl, inda tallar daƙiƙa 30 kacal ta haura dala miliyan biyu da rabi. Su kuwa da ƙasa da haka sun samu yini guda a kowace tasha, da makonni a bakin duniya, ga shi har fadarmu labarin ya iso. Ban ce da gangan suka shirya ba. Na dai ce tarar da ta fi kuɗin talla araha, sunanta tara ne kawai. Gaskiya ne shugaban Cartoon Network, Jim Samples, ya ajiye aiki ran 9 ga Fabrairu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fim dai ya fito abinsa a watan Afrilu.

Wa aka sa wa ankwa? Samarin nan biyu masu zancen gashi. An ce dala 300 aka yi wa kowannensu alkawari, wajen jika 150 ke nan. Su suka hau tsani da dare, su suka kwana a hannun hukuma, su aka gurfanar bisa tuhumar da ke iya kai mutum kurkuku shekara biyar. A watan Mayu aka janye ƙarar bayan sun nemi gafara a fili, ɗaya ya yi aikin taimakon jama'a na awa 80, ɗayan 60. Cikin waɗanda suka zauna a ofis suka tsara abin, suka sa hannu, ba wanda ya tsaya gaban alƙali. Da na sake kallon bidiyon, sai na ga wautar tasu ta yi wa kamfanin rana: duniya ta shagala da gashi, ta manta da tambayar wa ya ce a yi shiru.

Wannan ne ya sa na kawo maganar cikin ɗan littafin nan namu. Da yawa cikinmu da irin wannan aikin muke cike gibin kuɗin makaranta: a ba ka riga mai tambari, a ba ka takardu ka liƙa, ko ka hau bayan mota da lasifika ka zaga gari. Wani abokina yana yi duk hutu. Na tambaye shi ko an taɓa nuna masa takardar izini daga ofishin magajin gari kafin a tura shi liƙa wani abu a bangon mutane. Ya ce a'a. Na ce to in aka tafi da kai kwamisariya, sunan wa za ka kira? Ya yi ɗan tunani, ya ce lambar wanda ya ɗauke su aikin kawai yake da ita, shi ma laƙabinsa ya sani.